Alamun Biro a Ƙafar Yaya

Shekara goma sha ɗaya yayata ta yi tana goge ƙasa a wani gidan motsa jiki, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayar sunanta. Mai Bokiti suke ce mata. Ni ce ƙanwarta, ɗakinmu ɗaya, kuma har yau in na tuna abin da aka yi mata sai zuciyata ta yi ta tafasa.

Bayanta ne ya fara ciwo. Ta kai in ta sunkuya don goge ƙarƙashin injinan gudu, sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Manajan wurin, wani mai tumbi da bai taɓa hawa ko inji ɗaya ba, ya gan ta a haka.

"Mai Bokiti, wata shida na ba ki," ya ce. "In bayan nan bai gyaru ba, sai dai ki yi haƙuri."

Sai ka ce ba a kan daɓensa bayan ya lalace ba.

A wurin akwai ɗaki mai bangon gilashi inda wata malama ke koyar da yoga, wato miƙe gaɓoɓi a kan tabarmar roba. An hana masu shara shiga lokacin darasi, amma goge gilashin ta waje aikin Yaya ne. Gilashin nan bai taɓa samun gata irin na lokacin ba. Tana gogewa tana kallo, tana haddacewa.

A gida ta yage kwalin firiji ta shimfiɗa tsakanin gado da durowa. Kullum da safe sai na buɗe ido na gan ta tsaye a ƙafa ɗaya tana tangaɗi.

"Yaya, da girmanki kike tsayuwar zakara?"

"Ke dai kawo biro," ta ce.

Ta haɗe ƙafafu, ta sunkuya, ta ce in sa alama inda yatsunta suka tsaya. A gwiwa ne. Duk sati ina sa sabuwa, in wanka ya goge ta sai ta maimaita da kanta. Alamar ta sauko kaɗan kaɗan zuwa tsakiyar ƙwauri, daga nan ta kafe. Wata uku cur ba ta motsa ba. Yaya takan ciji leɓe, jijiyoyin wuyanta su tashi, ta danna jikinta da ƙarfi kamar mai ɗaga bokitin ruwa, ta miƙe tana ganin jiri. Na ce ta bari kafin ta kashe kanta. Ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba.

Wata rana na'urar sanyaya ɗakin ta lalace, malamar ta bar ƙofa a buɗe. A ranar Yaya ta fara jin abin da ake faɗa a ciki. Ta dawo gida ta jefar da jaka a kan gado.

"Ashe numfashi suke yi! Ku shaƙa, ku fesar, abin da take ta faɗa ke nan. Ni kuwa wata huɗu ina riƙe nawa!"

Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma haushi ya turnuƙe ni. Malamar nan kullum tana ganin ta manne da gilashi. Kalma biyu kacal, amma ba ta taɓa leƙowa ta faɗa mata ba.

Daga nan alamar ta ci gaba da sauka. Idon sawu, bayan ƙafa, sannan kwali. Ta daina dafa bango, ta daina nishi in za ta kwanta.

Ranar da wata shida suka cika na raka ta, don ina son ganin fuskar mai tumbin nan. Ya kira ta ofis, bai ce ta sunkuya ya gani ba, bai ma ɗago kai ba. Takarda ya miƙo: an sallame ta saboda ciwon baya. Na duba kwanan watan da ke sama. Tun satin da ya ba ta wa'adin aka buga ta.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Yaya ta riƙe hannuna. Ta ajiye takardar, ta haɗe ƙafafu, ta shaƙi iska, ta sunkuya a hankali har tafukan hannunta suka kwanta a ƙasan da ta goge shekara goma sha ɗaya. Ta tsaya a haka, numfashi biyar, ina ƙirgawa.

"Haba Mai Bokiti, tashi mana, mutane na kallo," ya ce.

Ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta faɗa masa sunanta, muka fita.

Washegari ba ta da inda za ta je, amma da na farka tana kan kwalin. Na ɗauko biro don sabo. Ta ce in mayar da shi, babu sauran wurin sa alama.