Bangon da Na Sauya wa Amanar Ɗana

Malam Edita, bayan sallama da fatan alheri, ina roƙon ka ba wa wannan labari nawa gurbi, ka kuma sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ban daɗe da ajiye aikin koyarwa ba. Na ƙarar da ƙarfina ina karantar da nahawu a makarantun nan Madina, garin da kakana ya zauna bayan ya tako daga ƙasar Hausa ya sauke farali bai koma ba. An rene ni a kan girmama takarda, kuma abin alfaharina a duniya shi ne ɗakin karatuna a gidanmu na unguwar Ƙuba. Babu littafi ko ɗaya a cikinsa mai bangon kasuwa. Duk wanda na saya sai na kai shi wurin mujallidi, wato mai ɗinkin littattafai, ya cire masa bangon da ya zo da shi, ya datse gefensa ya daidaita, ya sa masa baƙin bango mai tauri, sannan ya buga sunana da ruwan zinariya a ƙasan gadon bayansa. Haka na ga malamaina suna yi, kuma a wurina littafin da ba a yi wa haka ba tamkar baƙo ne da aka bari a tsaye bakin ƙofa.

Ina da ɗa na tsakiya, injiniya ne a Jidda. Tsakanina da shi akwai ladabi cikakke, amma babu sakewa. Yana yaro kawunsa ya kawo masa na'urar wasan talabijin mai kaset, ƙirar Japan. Na same shi a kanta ana gobe jarrabawa, na ɗauke ta da kaset-kaset ɗinta na fitar da ita daga gidan har abada. Bai yi kuka a gabana ba. Tun daga ranar nan dai bai ƙara nuna mini wani abu da yake so ba. Ina yi masa Hausa, yana amsa mini da Larabci a taƙaice, ya sumbaci kaina ya wuce.

Saboda haka na yi mamaki ranar da ya iso da kwalaye a bayan mota, ya ce yana so ya ba ni ajiya. Littattafai ne daga Japan, masu nauyi, cike da hotuna masu launi. Ya zauna a ƙasa gabana yana yi mini bayani, abin da rabonsa da yi har na manta. Ya ce kowane littafi jerin wasannin wata tsohuwar na'ura ne kaf, da hoton kwalin kowane wasa da na kaset ɗinsa da shekarar da ya fito. Ya ce na'urorin sun daɗe da barin kasuwa, da yawa daga masu ƙera wasannin sun rufe, don haka masu tara tsofaffin kaya suke dogara da irin waɗannan littattafai su san abin da aka taɓa fitarwa, su kuma bambance na asali da na jabu. Kaɗan ake bugawa, wasu kuma ba a sake buga su, shi ya sa ya daɗe yana farautarsu ɗaya bayan ɗaya. Danshin teku a Jidda ya fara lanƙwasa musu shafi, ita kuwa iskar Madina busasshiya ce, kuma ya san babu wanda ya kai ni kula da littafi. Ladabi ya hana shi gindaya mini sharaɗi. Cewa kawai ya yi amana ce.

Maganarsa ta ƙarshe ta shiga raina. Bayan ya koma na riƙa buɗe kwalayen ina dubawa, ko da yake ban san harafi ɗaya na rubutunsu ba. Abin da idona ya gani shi ne rauni. Kowane littafi yana sanye da rigar takarda mai santsi da ba a manne ta ba, a kan rigar kuma akwai wata siririyar takarda da aka naɗe ƙasansa da ita kamar ɗamara, mai rubutu manya-manya irin na talla. Na ce a raina wannan ba suturar littafin da ake so ya daɗe ba ce. Sai na ƙudura zan yi wa kayan ɗana irin karamcin da nake yi wa manyan littattafaina, ya zo hutun ƙaramar sallah ya tarar na ɗaga abin da na taɓa wulaƙantawa. Mahaifiyarsa ta ce in kira shi a waya tukuna. Na ce mata wanda ya yi shekara da shekaru yana koyar da mutane littafi ba zai nemi fatawar yaro a kan bango ba.

Mujallidina dattijo ne, Bahaushen Sudan, shagonsa yana wajen masallacin Ƙiblatain. Ya juya littafi ɗaya a hannunsa, ya shafa ɗamarar nan da yatsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Ya Ustaz, mai su ya sani?" Na amsa masa cewa ni na haifi mai su. Ya yi aikinsa yadda ya saba yi mini, ba ragi ba ƙari. Rigunan da ɗamarun suka tafi kwandon tarkace, wuƙar datsa ta bi gefen shafuka, zare da gam suka kama gadon baya. Da na je karɓa na same su jere baƙi ƙirin suna sheƙi, na ji daɗi har na yi masa addu'a. Ban ko lura da abin da ya buga a ƙasan kowanne ba, domin idona ya saba ganinsa.

Ranar sallah, bayan mun dawo daga Harami an karya, na kama hannun ɗana na kai shi ɗakin karatu. Na keɓe musu kanta guda kusa da littattafan tafsiri. Ya tsaya yana neman kwalayensa da ido, sai na nuna masa kantar. Ya zaro ɗaya ya buɗe. Na ga yatsansa yana bin gefen shafi, inda a da akwai alamomi masu launi da ake gane babi da su, yanzu wuƙa ta cinye. Ya yi ƙoƙarin shimfiɗa wani hoto da ya ratsa shafi biyu, ɗinki ya haɗiye tsakiyarsa. Ya tambaye ni a hankali ko rigunan suna nan, na ce ai tarkace ne, an zubar. Daga baya mahaifiyarsa ta sanar da ni abin da ya faɗa mata, cewa a wurin masu tara irin waɗannan kaya littafi yana da daraja ne idan yana yadda ya fito daga maɗaba'a, da rigarsa da ɗamararsa, kuma wanda aka datse aka sake wa bango ya fita daga sahu. Ta ce wanda ya fara zarowa shi ne na na'urar da na fitar daga gida, kuma da shi ya soma tarin.

A gabana kuwa bai ɗaga murya ba. Na ce masa idan aikin bai yi masa ba ya kwashe su, zan nemo masa wasu. Ya mayar da littafin gurbinsa, ya daidaita shi da 'yan uwansa, ya amsa mini da Hausa, wadda na daɗe ina marmarin ji daga bakinsa.

"Ka bar su, Baba. Ai sunanka ne a kai."

Sai a lokacin na duba. Sunana ne, da ruwan zinariya, a ƙasan kowane ɗaya.

Na nemi gafararsa, ya ce babu komai, kuma na yarda ya yafe, domin ɗa ne mai albarka. Yana zuwa kowace sallah, yana sumbatar kaina, yana kai ni asibiti idan ya samu hutu. Amma bai sake zama a ƙasa gabana ya yi mini bayanin wani abu ba, kuma idan zai koma ko cajar waya ba ya mantawa a gidana. Na sa wani tsohon ɗalibina ya bincika mini ko za a samu madadinsu, ya ce wasu sai an dace, wasu kuma ba a ganinsu. Littattafan suna nan a kantarsu. Ni ba na iya karanta su, mai iyawa kuma ba ya taɓa su.

Abin da na koya a makare shi ne, sau biyu na raba yaron nan da abin da yake so, na farko da fushi, na biyu da kyautatawa, kuma duka biyun tushensu ɗaya, wato ban ga ya kai in tambaye shi ba. Ina kira ga 'yan uwana dattawa, musamman waɗanda Allah ya ba ilimi har suka saba a tambaye su. Idan ɗanka ya ba ka ajiyar abin da ba ka san kansa ba, ka mayar masa yadda ya ba ka, ko da a idonka tsumma ne. Idan kuma zuciyarka ta raya maka gyara, ka ɗaga waya kafin ka ɗaga hannu. Allah ya sa mu gane tun da sauran dama.