Layuka Goma a Kan Rairayi

Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar ɗakin gwaji a Kafin Hausa, kuma in na faɗi ta uku sai an maimaita mini shekara. Sirka sinadari da ruwa ne ya gagare ni. A ce "ɗaya cikin goma", in auna, in zuba, launin kowa ya fito daidai, nawa ya fito salam-salam kamar shayin marowaci. Wallahi har kalkuleta na taɓa jifa da ita.

Na dawo gida Limawa ina cika ina batsewa. Babana malami ne, bai taɓa zama a ajin boko ba, amma in rabon gado ya rikice, gurinsa ake zuwa. A kan rairayin zaurensa yake lissafi, da ɗan yatsa.

Ya ce, "Uwata, wa ya taɓa ki?"

Na ce, "Baba, wannan fa ba irin karatunku ba ne."

Ka ji rashin kunya! Murmushi kawai ya yi, ya ce in faɗa masa yadda nake yi. Na ce sinadari awo ɗaya, ruwa awo goma.

Sai ya share rairayi da tafin hannu, ya ja layuka goma, ya kewaye guda. "Wannan sinadarinki ne. Saura nawa?"

"Tara."

"To ina kika samo na sha ɗayan? Ɗayan ai a cikin goman yake, Uwata."

Kunya ta rufe ni. Watanni ina zargin ma'auni, ina zargin malamai, ashe ruwa nake ƙarawa.

Ranar jarrabawa na ja layukan nan da yatsa a kan tebur kafin na taɓa kwalba. Na ci. Da na gaya masa cewa ya yi, "Madalla. In wani lissafin ya sake gagarar ki, kawo shi zaure."

Yanzu a ɗakin gwaji nake aiki, lissafin da ya fi wancan wuya ina yinsa kullum. Baba ya rasu shekarar da na fara aiki. Ina kewarsa ƙwarai. Wani lokacin nakan so lissafi ya gagare ni, don kawai in sami abin kai masa.

Bara yayyena suka gyara gidan. Na shiga zauren na durƙusa a gurin zamansa, na kai yatsa ƙasa. Sun daɓe shi da siminti.