Katin Mamaci

Aikin nan wahala ce, ba wani abu ba. Shekara tara na yi ina manajan ƙungiyar ƙwallo ta zangon Salaga. Ban taɓa sa ƙafa na bugi ƙwallo ba, amma na fi kowa ciwon ƙafa. Mutane suna hango manaja a bakin fili da babbar riga, su ɗauka sarauta ce. Ba su san ni ne mai zuwa tasha in roƙi direba ya sauke doya ya ɗauki mutane ba. Ni ne mai nemo wa 'yan wasa sana'a, wannan a wurin kafinta, wancan a gareji, don kada ƙungiyoyin Tamale da Kumasi su janye mana su. Ni da jesi, ni da abinci, ni da zanar da ake kewaye fili ranar wasa, ni da zuwa ba uban wani haƙuri in ɗansa ya karye. In an ci, 'yan wasa ne suka ci. In an sha kashi, sai a taru a ƙofar gidana.

Ba don ilimi aka ba ni ba. Allo na yi, sai ɗan ajin manya da na leƙa har na iya sa hannu. Goro nake sayarwa, direbobi sun san ni daga Yeji har Bawku. Shi ke nan dalilin. A lokacin kuwa Turawa ba su daɗe da tafiya ba, kowane gari yana so a ji sunansa.

Abin da ya fi komai nauyi a jakata shi ne kati. Kowane ɗan wasa da nasa, da suna, da ɗan hoto, da hatimin ofishin ƙwallo na Tamale. Sau ɗaya ake yi a shekara, kafin a fara gasa, in an rufe an rufe. Kafin wasa alƙali zai jera mutane yana kiran suna yana duban kati. Duban ba wani duba ba ne. Hoton bai fi kan babban yatsa ba, gumi da ruwa sun cinye shi, kowa ya fito baƙi da farin ido biyu. Saboda haka in ɗan wasanka ya tafi kudu aikin gonar koko, sai ka miƙa wa wani katinsa. Sharaɗin ɗaya ne: a fili dole a kira shi da sunan da ke kan katin, don kada abokan karawa su ji wani suna su kai ƙara. In aka kama ku, a kwashe makinku duka, a kore ku shekara guda. Kowa yana yi, kowa ya san kowa yana yi.

Amma ban taɓa jin wanda ya yi da katin mamaci ba sai ni.

Muna da wani tela, mutumin Yendi, ɗan gidan malamai. Gefen hagu yake bugawa, in ya saukar da kafaɗa ya zura da gudu sai dai a bi shi da ido. Saboda ƙwallo ya baro gida. Ƙanin ubansa, wanda ya riƙe gidan bayan uban ya rasu, ya ce a zuriyarsu ba a yawo da gajeren wando a gaban mata. Shi kuma ya ɗora keken ɗinkinsa a lori ya zo mana. Wata guda bayan an yi mana kati, sanƙarau ya shigo gari. Ranar Talata ya ce wuyansa, ranar Alhamis da hantsi muka kai shi. Ni na riƙe buta aka wanke shi. Na aika Yendi ta bakin direba. Ƙanin uban ya zo ranar bakwai, ya yi addu'a, ya ɗauki keken ya koma. Uwar ba ta zo ba.

Damina ta faɗi, gasa ta kama, gefen hagunmu a buɗe kamar gidan da ba zaure. Sai na ga wani ɗan ƙabilar Konkomba mai lodin doya a tasha yana buga ƙwallo da abokansa, ƙafa ba takalmi, da hagu. Na kawo shi fili. Kwana uku kowa ya yarda. Saura kati.

Golanmu shi ne kyaftin, mahauci ne, bakinsa ya fi wuƙarsa. Ya same ni ina juya katunan a kan benci.

"Manaja, na wa za ka ba shi? Bana ai ba wanda ya gudu."

Na ce, "Na tela."

"Telan da muka kai?"

"Tela biyu gare mu?"

"A'uzubillahi. To in alƙali ya kira, ya amsa daga can fa? Wa za mu sa a hagu, shi ko wannan?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Na ce takarda ce, takarda ba ta mutuwa. Ya ce, "Kai ne babba," ya tafi ragarsa. Shi mai lodin doya Hausarsa ta kasuwa ce kawai. Na koya masa sunan, na ce duk sanda ya ji ya waiwaya. Ban gaya masa mai sunan yana ƙasa ba.

Ranar farko da aka ƙwala sunan a fili, wanda ya ƙwala shi ne ya tsaya cak ya riƙe baki. Mako biyu kowa ya saba. Mutum yana sabawa da komai, wannan shi ne abin tsoro a cikinsa.

Sai wasan Bawku. Yini da rabi a bayan lori, ta Tamale, ta Bolga, ta Zebilla, muka sauka ƙafafu a kumbure. Mutumin nan ya ci biyu. 'Yan goronmu na zangon Bawku suka ɗauki sunan suna rerawa, wani makaɗi ya sa shi a bakin kalangu. Ina tsaye a bakin layi, fili duka yana kiran mutumin da na zuba wa ƙasa da hannuna. Da mai lodin doya zai ci ta biyun ya saukar da kafaɗa kafin ya zura, irin na tela. Ban san ko a wurin wa ya gani ba. Ana rungume ni, ni kuwa tsikar jikina a tashe. Ban yi tunanin masu shanu da direbobi ba. Su ne jaridarmu a lokacin, kuma sun riga mu isa Yendi.

Mako uku bayan nan muka je wasa Yendi. Nan na yi wayo, na bar mai lodin doya a gida, don garin sun san fuskar tela. Al'adarmu, ƙungiyar gari ita ke sauke baƙi, saboda haka a gidan sakatarensu muka kwana. Wani ticha ne da aka kawo daga kudu, bai san 'yan gari ba, amma yana jin Hausa, kuma an san shi da son rubuta ƙara. Da safe muna zaune ni da shi a zaure muna shan koko, sai wata dattijuwa ta yi sallama, da kwano a ɗaure cikin ƙyalle.

"Kai ne babbansu?"

"Ni ne, Mma. Sannu da zuwa."

Ta faɗi sunan. Ta ce ita ta haife shi.

"Ƙanin ubansa ya dawo da keke ya ce mini ya rasu. To bakin nan nasa shi ne ya ce a gabana, ranar da yaron ya sa ƙafa ya fita, a wurinsu ya mutu. Ni ban ga gawa ba, ban ga wanda ya gani ba. Na yi kukana na gama. Sai ga masu shanu suna cewa ɗan gidan malam ya ci biyu a Bawku, har da kalangu. Garin nan rabi sun ce ya mutu, rabi sun ce ƙarya aka yi mini. Ɗana, kai ka faɗa mini. In hana shi zuwa aka yi, ba zan gaya wa kowa ba."

Ticha ya ajiye ludayinsa yana kallona. Mu ne a sama a gasar, wasa uku suka rage. Salaga ba ta taɓa kai wa nan ba. Wallahi a lokacin ba matar nake gani ba, tebur ɗin ofishin Tamale nake gani, da mutanen da za su taru a ƙofar gidana.

Na ce, "Ƙafa ce ta dame shi, Mma. Mun ce ya huta."

Ta zame ta zauna a ƙasa. Ta yi dariya, ta rufe fuska da mayafi, ta sake yin dariya. Ticha ma har da yi mata barka. Ta tura mini kwanon.

"Tubani ne, da yaji da yawa yadda yake so. Ka ce masa ban yi fushi ba. Ka ce kada ya zo gidan nan su ci masa mutunci, ni zan zo."

'Yan wasa suna bayan zana, duk sun ji. Ban tuna yadda wasan ya ƙare ba, ina jin canjaras aka yi. A hanyar komawa lori shiru, babu mai waƙa. Kwanon a kan cinyata. Da muka wuce Bimbilla gola ya leƙo.

"Manaja, saƙo fa amana ne. Kai ka san gidansa, ka kai masa da zafinsa."

Ba wanda ya yi dariya. Na rasa yadda zan yi da abincin. Ban iya ci ba, ban iya zubarwa ba. Da muka isa na kai wa mai lodin doya a tasha. Ya cinye, ya lashe yatsa, ya tambaye ni wace ce. Na ce wata ce mai son wasansa.

Na yi niyya, Allah ne shaida. Na ce in an gama sauran wasannin nan zan tafi Yendi da kaina in durƙusa in gaya mata. Aikin manaja ke nan, komai sai bayan Lahadi.

Ba ta jira Lahadina ba. Kwana goma sha biyu ta sauka a lorin doya, ta tambayi inda ake ƙwallo, aka nuna mata. Bayan la'asar ne, muna motsa jiki. Ban ga isowarta ba. Na dai ji wani ya ƙwala sunan yana neman a ba shi ƙwallo, sai na ga tsohuwa ta shigo fili da gudu, mayafi ya faɗi a baya, tana kiran sunan ita ma, amma ba yadda muke kira ba, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Mutumin yana ba ta baya. Ya waiwayo, kamar yadda na koya masa.

Ta tsaya. Tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta leƙa bayansa ko akwai wani. Ta bi sauran da ido ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai.

Gola ne ya je ya yi wa mutumin bayani da Gonjanci, yaren garin, don ya fi jin shi. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya tuɓe jesin ya shimfiɗa a kan ciyawa, ya durƙusa a gabanta ya daɗe, ya faɗa mata sunansa na gida yana nuna ƙirjinsa. Sannan ya tashi ya tafi, bai ko kalle ni ba. Bai sake zuwa fili ba, a tasha ma in na doso sai ya koma bayan lori. Gasar daga ranar ta kuɓuce mana, ban ma san wa ya ɗauka ba.

Na matso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da idonka ka gani?"

"Ni na riƙe buta, Mma."

"Ya kira ni?"

"Tun Laraba bakinsa ya rufe. Bai iya kiran kowa ba."

Ta gyaɗa kai. Wani ya ɗauko mata mayafin, ta karɓa ta yi godiya. Da ta zage ni, ko ta ɗaga hannu ta haɗa ni da Allah, da na sami abin riƙewa. Ba ta yi ba. Na kai ta gidana, matata ta ba ta ɗaki da ruwa. Abinci ya dawo yadda aka kai shi. Abu ɗaya ta aiko matata ta faɗa mini: kafin ta hau lori, in nuna mata inda yake.

Washegari da rana ta fito na sa ta a gaba muka tafi maƙabarta. Mata ba sa shiga, sai ta tsaya a gindin wata ɗorawa a bakin hanya, ta ce in je in tsaya a kansa, daga nan za ta gani. Tun ranar da muka kai shi ban koma ba. A watan sanƙarau mun kai mutane da yawa, a jere, alamar kowa guntun fasasshiyar tukunya ne da ɗan itace. Damina ta wuce a kansu. Ciyawa har ƙugu, ruwa ya baje ƙasar, gara ta cinye itacen. Na tuna akwai suri kusa da shi. Na sami surin, na raba ciyawa da hannu, sai ga kabari uku kusa da juna, babu abin da ya raba wannan da wancan.

Na waiwaya. Tana tsaye, ta sa hannu a goshi tana kare rana, tana jira.

Na matsa kan na tsakiya, na cire ciyawar da ke kansa, na miƙe na ɗaga mata hannu. Ta ɗaga tafukanta ta fara addu'a. Na tsaya a nan har ta shafa.