Man Jirgin Wasa a Tankin Motar Baba

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Koki, ni da ɗan baffana, ranar Asabar ɗin makon jiya. Madatsar ruwan Tiga muka nufa. Ina da wata ɗabi'a da 'yan unguwa suka gaji da yi wa dariya: da furfurata nake harhaɗa ƙananan jiragen sama na wasa, masu ɗan inji da bai kai dunƙulen hannu ba, ina tashinsu da rimot. Cikin birni kuwa ina fili? Ko tattabara sai ta yi dabara tsakanin wayoyin lantarki.

Motata tana wajen gyara, don haka na roƙi Hajiya, mahaifiyata, aron motar marigayi Baba. Tsohuwar mota ce, ta girmi wasu magidanta. Tun rasuwarsa ba a cika fita da ita ba, sai dai duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan shiga garejin da ke jikin soro in tayar da ita na ɗan lokaci. Hajiya sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana saurare, domin shekara da shekaru da wannan ƙarar take gane maigidanta ya dawo daga kasuwa. Da ta miƙo min mukulli, abin da ta ce kawai shi ne, "Ka dawo min da ita da muryarta."

Allurar da ke nuna yawan man motar ta daɗe da mutuwa, shi ya sa Baba bai taɓa raba bayanta da jarkar fetur ba. Ni kuwa da fikafikan jirgina suka ƙi shiga, sai na sauke jarkar na ajiye a gareji, na ce ai Tiga nan ce kusa.

Tafiyar zuwa babu laifi. Titin Zariya da sassafe fayau, sai manyan motoci jefi-jefi. A Kura muka karya da waina mai zafi, gonakin shinkafa kore shar hagu da dama, tumatir kuma ya yi arhar da har ɗan baffana ya fara zancen miyar wata guda. A Tiga muka ci soyayyen kifi, jirgina ya tashi lafiya ya yi ta shawagi a kan ruwa. Wani dattijo makiyayi ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni a ina matuƙin yake zaune. Na yi ta baza ilimi kamar ni na ƙirƙiro tashi sama.

Bayan la'asar muka juyo. Ba mu yi nisa ba motar ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu ta tsaya. Mai ya ƙare. Ɗan baffana ya ce bari ya hau acaɓa ya samo fetur, bai fi tafiyar rabin awa ba. Ni kuma idona ya faɗa kan galan ɗin man jirgi da ya rage.

"Mai ai mai ne," na ce. "Abin da ya ɗaga jirgi sama zai kasa tura mota a ƙasa?"

"Yaya, man ja ma mai ne. Ka taɓa zuba mata?"

Na ce ya bar min abin da na sani. Na juye galan ɗin tas a tanki.

Da ƙyar ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, wari kamar ana suya da man da ya kwana. Tana tafe tana fizga, can sai na fara jin ƙwanƙwasa daga cikin inji. Ɗan baffana ya ce in tsaya. Girman kai ya hana ni, na ƙara taka totur wai don mu isa gidan mai. Kafin Kura muka ji wata ƙara guda ɗaya mai nauyi, sai shiru. Motar 'yan tumatir ce ta jawo mu da igiya har Gwammaja, wajen tsohon bakanikenmu, wanda tun zamanin Baba shi ke taɓa ta.

Washegari ya kwance kan injin ya kira ni. Ya ce wannan man ba fetur ba ne. Dangin sifirit ne, an haɗa shi da wani sinadari mai ƙara wuta, an kuma zuba masa man santsi da yawa, don ɗan injin jirgi ba shi da wurin ajiye baƙin mai. Ya nuna min fulogi sun yi baƙi ƙirin, ga fistin guda, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin inji, ya huje.

"Da ka tsaya tun tana ƙwanƙwasa, Malam, tanki da kafireto kawai za mu wanke," in ji shi. "Yanzu irin injinta ya ɓace a kasuwa. Zan iya sa mata wani, za ta yi tafiya. Amma kukanta ba zai zama ɗaya ba."

Wallahi tun rasuwar Baba ban ji abin da na ji a lokacin ba. Na koma gida a ƙasa, na gaya wa Hajiya komai ban rage ba. Na so ta yi faɗa. Cewa kawai ta yi, "Kun dawo lafiya dai ko?"

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da tsawo. Man jirgin wasa na jirgin wasa ne, kada wanda ya kusantar da shi tankin mota. Sauri kuma ya haifi nawa: rabin awar da na ƙi jira ga abin da ta jawo.

Jiya Juma'a na dawo daga masallaci, na tarar Hajiya ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida kamar yadda ta saba. Da ta gan ni ba mukulli a hannu sai ta tuna. Ta naɗe tabarmar a hankali ta shige ɗaki. Na leƙa gareji, babu komai ciki sai jarkar Baba, cike da fetur, a inda na ajiye ta.