Bindigar da Oga Sallau Ya Goge Har Ta Makance

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Baba Ilu ya harbi mahaukacin kare sau biyu daga taku ashirin ya kuskure. Tunda kun tambayi abin da ke sa ni faɗa idan na ga an zura rodi a bakin bindiga, to ku zauna ku ji.

A shekarun tsuke bakin aljihu ina aiki a wani ƙaramin sashe a Gwarzo, mai kula da dabbobin da ke ɓarna a gonaki. Ni ne mai tsaron ɗakin bindigogi. Idan birai ko gadu suka dami manoma, dagaci ya aiko da takarda, oga ya sa hannu, ni kuma in fito da bindiga da harsasai in miƙa wa maharbi. Idan ya dawo in karɓa, in share ta, in kulle. Bindigoginmu na farauta uku ne. Biyu tsatsa ta cinye su tun kafin zuwana, don wanda na gada bai taɓa shafa musu mai ba. Ta ukun ce kaɗai lafiyayyiya, ita ce a hannun Baba Ilu, maharbinmu, dattijon da ya fi shekara ashirin yana wannan aiki.

Ga wanda bai sani ba, cikin bututun irin wannan bindiga ba sumul yake ba. Akwai zane mai murɗewa tun daga gindi har baki. Shi ke kama harsashi ya juya shi kamar mazari, ya fita a miƙe. Yawan harbi yana cin wannan zane, amma a hankali, sai an yi shekaru. Ƙin sharewa kuma yana kawo tsatsa ta yi masa ramuka. Yadda ake yi shi ne a ɗaura tsumma mai laushi a igiya, a jiƙa da kananzir, a ja daga gindi zuwa baki, sannan a bi da ɗan mai. Shi ke nan. Ba a taɓa bakin da ƙarfe, domin nan ne harsashi ke yin sallama da bindiga.

Sai aka kawo mana Oga Sallau. Mutum ne da bai taɓa harba ko ɗanko ba, amma yana da biro uku a aljihun gaba da takalmi mai ƙara. Ranar farko ya ɗaga bindigar, ya leƙa bututun a rana kamar mai duban wata.

"Malam Habu, wannan duhun na mene ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, launin ƙarfen ke nan. Tsaf take."

"Tsaf? Ina so in ga fuskata a ciki. Duk Juma'a kafin a tashi."

Na ce man bindiga ya ƙare, an daina aikowa. Ya ce ai shi ya sa gwamnati ta ce a yi amfani da abin gida. Ya sa aka yanko rodin gini, aka naɗa masa tsumma, a tsoma a baƙin mai a barbaɗa toka da rairayi. Ta baki za a zura, don ta nan yake leƙawa.

Baba Ilu ya ce, "Yallaɓai, ai ba tukunya ba ce."

Oga ya ce, "Baba, kai aikinka jan kunamar bindiga. Tunani namu ne."

Ba zan wanke kaina ba. Ni na riƙa gugar. Lokacin ana rage ma'aikata, kowa ya kama bakinsa, ni ma na kama nawa. Duk Juma'a in goga, Oga ya leƙa, ya gyaɗa kai kamar ya ci yaƙi. Idan baƙi suka zo har ɗaukowa yake ya nuna musu yadda ya gyara sashe.

Da farko, idan Baba ya gwada harbi biyar a allo daga taku ɗari, tafin hannu zai rufe su duka. Bayan damina ɗaya sai faifai. Damina ta biyu ko tiren shayi ba ya rufewa. Baba ya yi ƙorafi, Oga ya ce tsufa ne.

Ana cikin kaka aka aiko daga wani ƙauye kusa da Masanawa, ta wajen Kabo, cewa mahaukacin kare ya shigo, ya ciji awaki, mata sun kasa zuwa rijiya. Muka hau babur ni da Baba, muka isa da hantsi. Karen na gindin wani rumbu, yawu na zuba. Jama'a suka koma bayanmu. Baba ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya auna, ya ja. Ƙura ta tashi kamu biyu a dama da karen. Ya sake ɗurawa. Na biyu ya fasa cikin rumbun, dawa ta zubo.

Karen ya taso. Wani manomi, Malam Sani, shi ne a gaba da fartanya, karen ya kai masa cizo a hannu kafin maza su rufe karen da sanduna. Aka ɗauki Malam Sani zuwa asibiti. Ya sha allurai, Allah ya yi da sauran kwana.

Muka dawo Gwarzo. Da muka sauka Baba ya miƙo mini bindigar. Ya ce, "Habu, wallahi a kan goshinsa na ɗora."

Washegari Oga Sallau ya rubuta takarda shafi biyu zuwa Kano, wai idon Baba ya mutu, ya jawo wa sashe abin kunya, a sa sunansa cikin waɗanda za a sallama. Bayan mako biyu wani babban jami'i ya zo bincike, tsohon soja ne mai ƙarancin magana. Aka zauna a ofis. Oga ya yi ta zuba Turanci. Ya ɗauko bindigar da kansa.

"Ranka ya daɗe, duba. Kamar madubi. Laifin ba na kayan aiki ba ne."

A nan ne abin ya ishe ni. Na nemi izini. Na ɗauki harsashi na ɗora kansa a bakin bututun. A lafiyayyiyar bindiga zanen zai tare shi, ya tsaya rabi. Wannan ya zurma har wuya, yana lilo.

Jami'in ya karɓa, ya leƙa, ya daɗe.

"Ina zanen?"

Oga ya ce, "Wane zane? Ai mun goge duk wani datti."

Jami'in ya dube shi kamar yadda ake duban akuyar da ta shigo masallaci. Ya ce a fita fili. Ya ɗaure bindigar a kan benci da buhunan ƙasa, don kada a ce hannun wani ne, ya harba uku a tsohon ƙyaure daga taku hamsin. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya ko ƙyauren bai samu ba. Ramukan ma ba zagaye ba ne, dogaye ne, wato harsashin a kaikaice yake tafiya yana tuntsure. Sannan ya ɗauko tasa daga mota ya ba Baba. Baba ya harba uku. Jami'in ya je ya rufe su da yatsu uku.

Ya juyo gare ni. "Kai ka goge ta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka san illar?"

"Na sani."

"To kai ka fi shi laifi. Shi jahili ne."

Ban musa ba. Ya yaga takardar Oga, ya rubuta cewa bindigar ta tashi aiki. Ni aka ba ni takardar gargaɗi. Baba Ilu ya tsira da aikinsa, amma bayan 'yan watanni ya ajiye da kansa. Ya ce tunda mutanen ƙauyen nan suka ga ya kuskure, bayanin ofis ba zai kai kunnensu ba. Oga Sallau kuwa aka mayar da shi wani sashe da ƙarin girma, saboda a rahotonsa na shekara ya rubuta cewa shi ya gano bindigar ta tsufa. Shekaru bayan haka, da aka ƙaddamar da shari'a, na gan shi a wani taro ya tsayar da gemu, riƙe da lasifika, yana wa mutane nasiha a kan riƙon amana. Na ɗauki takalmina na fita.

Abin da na koya ke nan. Bindiga takan mutu ta hanya biyu: a ƙyale ta tsatsa ta ci, ko a dame ta da guga. Ta farko kowa zai gani ya yi tir. Ta biyu kuwa tana mutuwa tana ƙyalli, har a yaba wa wanda ya kashe ta. Don haka idan na gaba da ku ya ce ku yi abin da kuka san ɓarna ne, ku faɗa masa tun Juma'ar farko, da bakinku, sannan ku rubuta. Ni na jira sai da kare ya kama hannun bawan Allah.