Tukwanen Garafuni Biyu

Kakata a Dangora takan ce garafunin kan tudu ya fi na fadama ɗaci da ƙarfin magani. Malaminmu na kimiyya kuma ya ce tsiro kan ƙara haɗa sinadaran kare kansa idan ƙishirwa ta matsa masa. Sai na shuka garafuni a tukwane biyu a bayan ɗaki, tukunya ɗaya ina ba ta ruwa kullum, ɗayar kuwa sai ganyen ya yi yaushi. Yayata kaɗai na gaya wa, ta yi alkawarin ba za ta taɓa ba.

Da ganyen ya ƙosa na ɗanɗana, na ji ɗacin ɗaya ne. Na daure na ɗaga hannu a aji, abin da ban saba ba, na faɗi sakamakon. Malam ya ce na yi sakaci, aka yi mini dariya.

Da na ba Yaya labari sai ta ce, "Ni nake zuba wa tukunyar da kike hana wa ruwa ragowar ruwan alwala in kin tafi makaranta. A bar abu da ƙishirwa, alhakin a kan wa?"

"Yaya, ai kin yi alkawari."

"To, ki sake shukawa mana."

Na sake, amma a gidan kawuna, kuma ban gaya mata ba.