Sunan Da Ya Rasa Mai Kira

Shekaru sun shuɗe, amma akwai wata Asabar da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita.

A lokacin ina gabatar da shirin yara a gidan rediyo, ina karanta musu labarai kai-tsaye. Na lura littattafan yara da yawa suna ɗaukar rashin mutuwa a matsayin babbar kyauta: jarumi ya sha wani ruwa, ba zai mutu ba, shi ke nan, an rufe littafi. Ni kuwa abin da ke damuna shi ne, bayan nan fa? Sai na rubuta nawa, a kan wata mata da ta sha ruwan wata rijiya, mutuwa ta daina ganinta. Na so in nuna wa yara illar abin, amma iyakar abin da na samo shi ne ta gaji da cin tuwo.

Al'adar aikinmu ce a karanta rubutu da murya, a auna mintunansa kafin a shiga ɗakin watsa shiri. Ranar Alhamis na je unguwar Badarawa, a nan Kaduna, gaida mahaifiyata, na zauna a tsakar gida ina karantawa, agogo a hannu. Tana gefe tana tsinkar zogale. Mako guda kenan da rasuwar aminiyarta, wadda suka taso tare a Katsina.

Da na kai ƙarshe sai ta ce, "Kai mai rediyo, ba tuwo ne zai dami matar nan ba. Wa ke kiran sunanta?"

Na ce mutanen gari mana. Ta yi dariya, ta tambaye ni wane ne a cikinsu, tunda duk a gabanta aka haife su. Sannan ta lissafa waɗanda suke kiran nata sunan: iyayenta, yayyenta biyu, sai aminiyar nan.

"Tun da aka kai ta makwancinta, babu wanda ya rage da zai buɗe baki ya kira ni da sunan da aka raɗa mini. Ni ce Hajiya, ni ce Inna, ni ce Kaka. Ko a asibiti, yarinyar da ke aiki a can ta duba kati, ta ga sunan, ta ce Mama."

Ba kuka take ba. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gero. Ni na san sunan, na sha rubuta shi a takardu, amma ban taɓa furta shi ba. A hanyar komawa, wajen Kawo, na gwada ni kaɗai a mota. Bakina ya ƙi.

Ranar Juma'a na sake labarin. Matar ta riƙa bin gari gari tana neman wanda ya girme ta, ko tsaranta, ba ta samu ba. Ta roƙi yara su kira ta da sunanta, kunya ta sa suka gudu. A ƙarshe ta ji muryar ƙawarta ta ƙuruciya daga hayin kogi tana kiranta, sai ƙarfin ruwan ya sake ta, ta tafi da murna. Na kuma ba matar sunan mahaifiyata, na ajiye shi sai a wannan layin. Na san shirin ba ya wuce mahaifiyata. Abin da ban sani ba shi ne yadda za ta ɗauka.

Na sha karanta labarai masu nauyi muryata ba ta motsa ba. Amma ranar Asabar, da na iso layin, na tsaya daƙiƙa huɗu. A rediyo wannan lokaci ne mai tsawo, har injiniya ya ɗago kai yana zaton waya ta katse. Sannan na kira sunan, sau uku, yadda na rubuta.

Da la'asar na isa Badarawa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Marar kunya," ta ce. "A gaban duk mutanen Kaduna."

Na sunkuyar da kai. Can sai ta ce ai ban ma iya ba, marigayiyar takan ja ƙarshensa ne. Ta kira sunan da bakinta, a hankali, da harshen Katsinanci, yadda ake kiranta tana yarinya. Daga nan ta tambaya ko ana maimaita shirin. Na ce ranar Talata.

"To, a saya mini sabon batir."

Na shiga labarin ina neman illar rashin mutuwa a cikin tunanina, ashe tana zaune a tsakar gidanmu. Tun daga ranar na fahimci cewa tsawon rai ba ya da daɗi idan masu kiran mutum da sunansa sun ƙare. Shi ya sa duk tsohon da na zauna da shi yanzu, nakan tambaye shi wa ya rage cikin tsaransa, in akwai, in kai shi su gaisa.